Fitilar Da Na Juya Ba Daidai Ba

Litinin, 5 ga Agusta

Gwajin haske yau, da 'yan ajin ƙarshe. Farantin zinki, siririn ganyen zinare a miƙe cikin gilashi. Jan haske komai ƙarfinsa ba ya motsa shi. Ka kunna fitilar ultrabayolet, hasken da ido ba ya gani, sai elektoron, ƙananan ƙwayoyin lantarki, su fice daga farantin, ganyen ya kwanta. Da wannan nake nuna musu haske ba kamar igiyar ruwa kawai yake tafiya ba, ƙwayoyi ne kuma. Tun ina da baƙin gashi nake yinsa a nan garin Broken Hill.

Yau ban ga ganyen ba. Na ce musu ya kwanta. Alhali bai kwanta ba.

Ashe fitilar ba farantin take kallo ba. Fuskar Tahlia Penrose take kallo, yarinyar da ke zama gaba. Kunya ta hana ta magana.

Talata, 6 ga Agusta

Tahlia na asibiti, hasken fitilar ya ƙona mata idanu, sun yi jawur, kamar an zuba mata yashi. Likita ya ce za ta warke.

Alhamis, 8 ga Agusta

Ubanta ya zo da kayan aikin ma'adinai a jikinsa. Bai ɗaga murya ba. Shi ma ni na koyar da shi. "Malam Trewin, tun yaushe ba ka gani?" Na ce gilashin idona ne ya tsufa. Ya daɗe yana kallona, ya fita.

Asabar, 17 ga Agusta

Mun je birnin Adelaide. Likitan ido ya ce tsakiyar ganina ce ke mutuwa, ba gyara. A hanyar dawowa matata Noreen ce ta tuƙa. Ta ce ta sani tun ranar da na zuba gishiri a shayi. "Tsoho mai taurin kai," in ji ta, tana share hanci.

Litinin, 26 ga Agusta

An ba Malama Faumuina ajina. Wai in huta.

Laraba, 4 ga Satumba

Faumuina ta bugo waya, gwajin ya ƙi mata. Na ce ta goge farantin da takarda mai kaushi sai ya yi ƙyalli. Ta roƙe ni in zo gobe in yi bayanin, ita ta riƙe fitila. Na ce ba na zuwa kallon aikin wani.

Tahlia ta koma makaranta. Wai har yanzu gaba take zama.

Na ce wa Noreen ta goge min rigar nan mai ruwan toka. Don kar ta yi ta zama a yamutse ne kawai.