Munduwar Abincin da Mama Ta Biya Mini

Zuwa ga ƙawata Rahila,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Haka aka koya mana fara wasiƙa, haka hannuna ya rubuta, sai da na ajiye biro na ga ban san irin fatan da ake yi wa wadda ta riga ta tafi ba. Na san ba za ki karanta ba, kuma ba ni da inda zan aika. Amma tun jiya magana ta cika mini ciki, kuma kin sani ke kaɗai ce nake iya yi wa doguwar magana muryata ba ta maƙale ba.

Bari in fara da labarin gida. Ruwa ya yi yawa bana, layinmu na Makera ya koma taɓo, sai mutum ya cire takalmi kafin ya kai bakin titi. Mama tana nan da ɗinkinta a Kakuri, ta fara ƙorafin ido. Keken da Baba yake ja ya kwana biyu a wurin bakanike, yanzu ya dawo aiki. Ɗazu na ga mamanki a coci. Har yanzu in ta gan ni sai ta kama hannuna ta daɗe tana riƙe da shi. An sa wata a wurinki cikin mawaƙan kwaya. Tana ƙoƙari, amma in an zo wurin da murya ke hawa sama sai ta yi shiru ta bar sauran. Ban sake zuwa Barnawa ba tun da aka binne ki. In mota ta bi ta kwanar gidanku, ɗaya gefen nake kallo.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, jiya makaranta ta kai mu wurin wasan nan na hayin gada, wanda muka je muna aji uku. Kin tuna? Lilon yana nan, motocin karo suna nan, sai dai sun kawo sabon tsari. Bayan kuɗin shiga, wanda yake so sai ya biya kuɗin abincinsa tun a makaranta, kafin ranar ta zo. A bakin ƙofa sai a ɗaura masa jar munduwa ta takarda a wuyan hannu. Da ita zai karɓi shinkafa da lemo da askirim, duk abin da ya karɓa a huda munduwar. Sun hana shiga da abincin gida, har jaka suke buɗewa. Malama Tabita, malamar ajinmu ta bana, ta ce hakan ya fi arha a kan saye a ciki, kuma ba wadda za ta zo mata da kuka wai kuɗinta ya faɗi a lilo.

Ni ban so zuwa ba, ban ma faɗa a gida ba. Mama ta ji ne a bakin wata mai kawo mata ɗinki. Ta ce sai na je, kuma sai na ci abin da 'ya'yan mutane za su ci, ba za a bar ni ina kallon bakin wasu ba. Baba ya ce wannan wayon 'yan kasuwa ne, yaya za a ce mutum ya biya abincin da ko ƙamshin tukunyarsa bai ji ba, in suka zuba masa tuwon jiya fa, wa zai kai wa ƙara? Mama kuwa ta karɓi ƙarin ɗinkin kayan makaranta ta biya. Na san dalilinta, Rahila. Tun da kika tafi, abincin da take zuba mini na makaranta yadda ya je haka yake dawowa. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba, sai dai ta buɗe kular ta duba, ta rufe. Tana ganin in aka sa ni cikin mutane suna ci, ni ma zan ci.

Da aka ɗaura mini munduwar har daɗi na ji. Kin san me ya sa? Na ga an samo abin da ya dace da irina. Duk shekarun nan ke kike yin magana a madadina a gaban mai abinci. Ke ce mai cewa a zuba mana, a ƙara miya, ke ce mai ɗaga nama ki tambayi madam ko na ɓera ne ta yanka. Ni dai ina bayanki riƙe da cokula. Tun da kika tafi ban sayi ko biskit a shagon makaranta ba, don in mai shago ya ce me nake so sai kalmar ta gudu. To ga shi yanzu an ce ba sai na buɗe baki ba, hannu kawai zan miƙa.

Da safe na riƙe wa 'yan ajinmu jakunkuna suna shiga motocin karo. Ba su matsa mini ba, ni na miƙa hannu, don in sami dalilin tsayawa a wurin. Komai a wurin nan bibbiyu ake shiga, ban taɓa lura ba sai jiya. Babban lilon nan mai kama da tayar keke shi kaɗai na hau, kuma da Malama Tabita aka haɗa ni don ba wadda ta rage. Tun da ya fara tashi ta rufe ido tana kiran sunan Yesu har muka sauka. Daga can sama na ga kogi ya cika ya yi ja, na ga rufin tsofaffin masaƙun Kakuri duk sun yi tsatsa. Na juya in nuna miki wajen unguwarmu, sai na ga Malama da idonta a rufe.

Da rana aka kira masu munduwa. An yi mana rumfa ta daban, an zagaye ta da igiya, da mutum a bakin hanya yana duba hannu. Layin ya yi tsawo ƙwarai, wasu har suna mita wai lokacin wasansu ya ƙare a jiran shinkafa. Da na iso gaba na miƙa hannu aka huda. Ina ganin shi ke nan, sai matar da ke zubawa ta ɗago kai ta tambaye ni, kaza ko kifi.

Na ce kifi.

Rahila, akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Ni ba na son kifi. Ƙarninsa yana tayar mini da zuciya tun ina ƙarama. Ranar farko da kika ja ni wurin mai abinci, muna aji ɗaya, kika ce a sa mana kifi, na ji kunyar cewa a'a, don ke ce kika fara yi mini magana a makarantar nan, ina tsoron kada ki fasa. Daga nan kika ɗauka ina so. Har kan kifin kike tura mini wai kin san shi na fi ƙauna, ni kuwa in tauna in yi murmushi. Da na faɗa miki da dariya za ki yi har ki riƙe ciki, ki ce mini sakara, ki koma saya mini kaza. Me ya hana ni? Jiya ba kya nan, ba wanda zan ji kunyarsa, ga kaza a gabana, amma abin da bakina ya sani ke nan. Kuma daga baya na lura, tun da muka shiga wurin har lokacin, kalmar da na furta ke nan.

Na ɗauki faranti na nemi wurin zama. Kowa da nasa a gabansa, shinkafa iri ɗaya, lemo iri ɗaya. Ba wadda ta ce wa wata zo mu ci, don me za ta ce, kowa yana da shi. Ba mai roƙon nama, ba mai satar soyayyar ayaba a farantin wata. Waɗanda suka zo da ƙawayensu sun haɗa kai suna hira. Na zauna a ƙarshen tebur ina fuskantar igiya. Na ci kaɗan, na ture kifin gefe, na yi ta tunanin idon Mama a kan keken ɗinki, na ƙara cusa loma biyu, daga nan na ajiye cokali.

Daga wurin da nake zaune ina hango waɗanda ba su biya ba, sun taru a ƙarƙashin bishiya kusa da wayar da ta kewaye wurin. A cikinsu akwai Nanret. Ba ki san ta ba, bayan tafiyarki ta zo, an yi wa babanta canjin wurin aiki daga Filato. Ita aka ba kujerarki. Ba ta yi mini komai ba, tana gaishe ni kullum, amma ban taɓa amsa mata da fiye da ɗaga kai ba. In na juya na ga jakarta a inda taki take zama, sai in ji haushinta ya kama ni, alhali na san ba ita ta ɗauke ki ba.

Da na gan su hannu ba komai sai tausayi ya kama ni. Shinkafa ba ta ƙetare igiya, haka dokar take, amma askirim ana fita da shi. Na je aka yi mini hudar ƙarshe, aka ba ni a ɗan kofi. Kin tuna yadda kike saye ki ba ni, don sikila ta hana ki shan sanyi, ke sai dai ki lashi murfin ki ce kin sha rabonki? Na ce a raina yau ni ma zan ba wata. Na fita ina maimaita abin da zan ce mata, gajere ne, na shirya shi sarai.

Sai da na matso na ji dariyarsu. Ashe sun kira wata mata mai gasa masara a wajen waya, sun haɗa 'yan canjinsu sun zura mata ta ƙasa, ita kuma tana miƙo musu masarar ta sama. Suna karya ta gunduwa-gunduwa, suna faɗa a kan wa za a ba wutsiyar, wata tana rantsuwa an cuce ta, wata tana hura yatsunta da suka ƙone. Nanret ce mai rabo, tana yi tana kwaikwayon muryar shugabar makaranta. Na tsaya nesa kaɗan da kofina. Kofi ɗaya ne, su kuwa da yawa. Kuma wa na zo tausaya wa? Na tsaya, na tsaya, har ya narke ya fara bin yatsuna. Na juya na koma bayan rumfa na shanye shi kamar koko.

A mota na zauna ta taga. Mun kusa gada sai na ga hannu ya zo ta saman kujerar gabana, da guntun masara a cikin hankici. Nanret ce. Ta ce ta gan ni ɗazu ina tsaye kamar mai gadi, wai in na sake zuwa in ƙaraso, su ba sa cizo. Sai ta kalli hannuna ta ce ko da yake mu masu jar munduwa manya ne, ƙila ba ma cin masarar talakawa. Ni, Rahila, 'yar mai ɗinki da mai jan keke! Da kina nan da kin ba ta amsar da za ta sa motar duka ta ɗauki ihu. Ni karɓa kawai na yi. Na ce na gode, amma lokacin motar ta hau gada, ga waƙa ana rerawa a baya, ban sani ba ko ta ji. Masarar ta huce, ta yi tauri. Na cinye ta tas.

Da na isa gida Mama ta tare ni tun a ƙofa, ta kama hannuna ta ga an huda duka, fuskarta ta saki. Ta tambaye ni ko na ƙoshi, ko kuɗin bai tafi a banza ba. Baba yana gefe yana wanke ƙafa, ya yi kamar ba ya ji. Na ce na ci, kuma abincin ba laifi. Ba ƙarya na yi ba. Sun ba da duk abin da suka ce za su ba da. In wata ta tambaye ni ko ta biya baɗi, zan ce in tana da ci sosai, kuma tana da wadda za su zauna tare, ta biya, za ta huta da tsadar ciki, sai dai ta shirya tsayuwar layi. In kuwa irina ce, ban san me zan ce mata ba. Abin da na yi murna da shi da safe, cewa ba sai na yi wa kowa magana ba, shi na samu har yamma.

Gobe Litinin. Ɗazu bayan mun dawo daga coci na ce wa Mama in za ta zuba mini doya gobe ta ƙara, ta sa cokali biyu. Ta dube ni, na ga tambaya ta zo mata har baki, sai ta juya ta ci gaba da tsince shinkafa. Su Nanret a bayan ɗakin gwaje-gwaje suke zama in an tashi hutun tara. Daga ajinmu zuwa can ba nisa, amma kin san ni, ina iya zuwa rabi in juyo. Ban yi miki alkawari ba, ban yi wa kaina ba.

Abu ɗaya ne yake damuna. In na je can, dakalinmu na gindin tankin ruwa, inda muka saba cin abinci tare, zai zauna ba kowa, kuma tun da kika tafi ban taɓa barin sa haka ba. Ban san ko daga inda kike ana ganin makaranta ba. Fasto bai taɓa faɗa ba, ni kuma ban iya tambaya ba. In ana gani, kika duba gobe ba ki same ni a wurin ba, kada ki ce na manta da ke. Yunwa nake ji, Rahila, kuma na gaji da ci ni kaɗai.

Ki huta lafiya a wurin Ubangiji.

Taki har kullum,
Alheri, mai riƙe miki cokali