Wanda Ya Rage Lokacin Jira

Kpakungu, Minna

Zikiru,

Ina gaishe ka, don haka aka tarbiyyantar da mu. Tunda ka daina ɗaga wayata, ga takarda ta hannun mai keken layinku.

Ka san kamfani ya dakatar da ni. Sakamakon gwajin jinin da ƙananan asibitocin ƙauyukan Bida ke turowa Minna ya daina isowa, majinyata na can zaune suna jiran magani, an ce laifina ne.

Bari in tuna maka abin da na koya maka da bakina. In na'urar ƙauye ta aika saƙo, sai ta saurari babbar na'ura ta ce ya iso. In shiru ya yi yawa, ta sake aikawa. Duk gwanintar tana ga sanin tsawon jiran nan. Ni na tsara ta ta riƙa auna yadda amsa ke daɗewa a hanya, ta ƙara ɗan rara a kai, in ta sake aikawa ba labari kuma ta ninka jiran. Sai wani gwani ya cire duk wannan, ya kafa gajeren lokaci guda. A ofishinmu na Tunga, gindin eriya, abin sai son barka. A ƙauye da damina kuwa, amsa na kan hanya na'ura ta sake turowa, ta kuma sakewa, har layin ya cushe kamar randabawul ɗin Kpakungu da safe.

Da sunana aka yi canjin. Mutum ɗaya na taɓa miƙa wa kwamfutata a buɗe, ranar da za ka nuna wa manya aikin, kwamfutarka ta ƙi tashi. Ni na kawo ka wurin nan, Zikiru. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma har yanzu ina so in ji daga bakinka.

Yayarka,
Husna

*

Tunga, Minna

Zuwa ga Yaya Husna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, amin. Saƙonki ya same ni, na kuma fahimci ɓacin ranki.

Ba zai dace in tattauna maganar ofis a takarda ba. Abin da zan ce kawai, a gwajin farko shugaba ya yi ƙorafin saƙo na jan ƙafa, ranar nuni kuwa kowa ya yaba da saurin, ke ma kin yi tafi. Ba wanda ya yi nufin sharri.

Gara ki ji daga gare ni: an ba ni riƙon kujerarki kafin kwamitin bincike ya zauna. Ban nema ba. Na yi wa Baba bayanin komai, zai rubuto miki.

Don Allah ki turo min yadda ake mayar da ninkin jiran nan. Na gwada ya ƙi, asibitoci kuma sun dame ni da kira.

Naku cikin girmamawa,
Zikrullahi

*

Bida

'Yata Husna,

Ina gaishe ki, iyayenki mata ma suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Ƙaninki ya zo ya durƙusa gabana yana kuka. Ni ban san kan na'urorinku ba, amma na gane ya taɓa abin da bai kamata ba, da sunanki. Na yi masa faɗa sosai.

To, ga roƙona. In kin je gaban kwamitin, ki ce kuskurenki ne. Ke kina da ilimi, ko'ina kika nufa za a buɗe miki ƙofa. Shi kuwa an riga an sa ranarsa da 'yar Alhaji Ndanusa, in aka kore shi da sunan ha'inci, da wane ido zan dubi mutanen nan? Tun rasuwar mahaifinki kike hannuna, ban taɓa roƙonki komai ba sai yau. Ki dubi zumunci.

Kawunki,
Ndaliman

*

Kpakungu, Minna

Kawu,

Ina gaisuwa. Na je gaban kwamiti. Kafin su tambaye ni komai na roƙi a ba ni kwamfuta na gyara aikin, saboda majinyatan nan ba su yi wa kowa laifi ba. Sakamako ya fara isowa ina zaune.

Daga nan suka ce wa ya taɓa. Zikiru na gefe yana kallon takalminsa. Na ba shi lokaci, Kawu, har shugaba ya maimaita tambayar. Sai na faɗi abin da ka ce in faɗa.

Sun karɓe katin aikina a ƙofa. Takardar sallamar ta ce sakaci da lafiyar jama'a, ita kuma duk mai son ɗaukata aiki zai fara karantawa.

Na biya riƙon da ka yi min. Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai: duk shekarun nan da kake cewa zumunci, na ɗauka har da ni a ciki.

A gaida mutan gida.

Husna