Kaka da Goge a Sabon Bugun Littafi

Milwaukee, Amurka

Zuwa ga Goggo Bronia,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kina lafiya, ke da kowa a can Lublin ta Poland. Allah ya sauƙaƙa ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau. Ƙaninki, wato Baba, yana nan da rigimarsa, ya ce ba mai iya miyar kabeji in ba ke ba.

Goggo, tambaya ce ta sa na rubuto. Littafin tarihin ƙasashen Turai da nake koyarwa da shi a kwaleji aka sake bugawa bana. Sun rage labarin sarakuna, suka ƙara babi a kan 'yan gudun hijira bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ina cikin darasi sai wata ɗaliba mai tsokana, Denise, ta ɗaga hannu ta ce ashe Malama na iya goge ban taɓa faɗa musu ba. Aji ya kwashe da dariya. Na duba shafin, sai ga hoton wata mata zaune a kan akwati a sansani, riƙe da goge, tana dariya har da kai baya. Hancina ne, goshina ne. Ba suna a ƙasa, an dai rubuta “wata 'yar gudun hijira”.

Da yamma na kai wa Baba. Da farko ya ce in raba shi da shirme, matan Poland duk haka suke. Sai kuma ya sa tabarau ya sake dubawa. Ya ɗora yatsa a kan tabon da ke wuyan hannunta, ya ce ƙunar tukunya ce, ya san shi. Uwarku ce, Kaka Helena. Amma ya rantse bai taɓa ganin goge a gidanku ba, ko rediyo aka kunna kashewa take yi.

Ke ce babba, kin yi wayo a sansanin. Kin taɓa jin ta kaɗa? Wa ya koya mata, me kuma ya raba ta da shi? Ko kaɗan kika tuna, ki rubuto. Baba ya hana ni littafin, sai da na sayi wani. Ya ce ya tsufa har gashi ya ƙare, sai yanzu ya ga haƙoran uwarsa.

Ki gaishe min da ɗanki Tadeusz da matarsa Kinga da yara.

'Yarki,
Wanda