Ƙugiyar da Ta Kashe Audu, da Sunan Mijina

Zuwa ga Baturen kanti mai kula da siton auduga na bakin hanyar jirgi. Gaisuwa da girmamawa.

Ranka ya daɗe, ka gafarce ni da na dame ka. Ni mace ce, ban saba ɗaga murya ba. Sunana Hajara, matar Garba maƙeri na Tudun Wada, wanda ka kora bayan ƙugiyar ɗaga dilolin auduga ta karye, dila ta faɗo kan Audu lebura, Allah ya jiƙansa. Da ajami na rubuta, na kuma ba da a karanta wa mutane a kasuwa, tunda a bainar jama'a aka ce aikin mijina ne ya kashe shi.

Na farko: tun farkon kakar auduga Garba ya ƙwanƙwasa ƙugiyar da guduma, kamar yadda maƙera ke gwada ƙarfe, ya ji ba ta amsawa. Ya duba wuyanta, ya ga tsaga siririya kamar gashi. Ya sa mata alama da alli. Kowace Juma'a sai ya tarar tsagar ta wuce alamar. Ya gaya wa tafintanka har sau uku cewa ƙarfe ma yana gajiya: in an ɗaga kaya bakin tsagar ya buɗe, in an sauke ya rufe, kullum tana ƙara cin ciki, ko da kayan bai fi na jiya nauyi ba.

Na biyu: ka ce ƙarfen ƙasarku ba ya gajiya, ka sa ya gasa ta ya liƙe bakin. Ya ce liƙi ba ya kai cikin tsaga, daga gefensa ma za ta sake tashi. Ya yi don kai ne mai umarni. Sannan ka sa aka shafe ta da baƙin fenti, alli ya ɓace, tsaga ta ɓuya. Me kuma zai duba?

Guntun ƙugiyar yana wurina, na naɗe shi a tsumma. Fuskar karayar kusan duk ta yi baƙi da santsi, da layi-layi kamar sawun ruwa a kan yashi. Ɗan wurin da ya yi fari, sabuwar karaya, bai fi farcen babban yatsana ba. Wannan ɗan wurin kaɗai ke riƙe da dila, Audu yana tsaye a ƙarƙashinta. Ban iya boko ba, amma wannan rubutun na karanta shi.

Yau ko fartanya ba a kawo wa Garba gyara. Matar Audu maƙwabciyata ce, tare muke ɗiban ruwa. Yanzu in na gaishe ta sai ta kalli ƙasa. Ban ga laifinta ba, abin da aka gaya mata ta riƙe.

Abu biyu nake roƙo. Ka faɗa a gaban leburori cewa Garba ya yi gargaɗi. Sannan ka sa a kankare fentin ƙugiya ta biyu da ake ɗaga dila da ita yanzu, a ƙwanƙwasa ta kana tsaye. Ranar da aka kore shi, Garba ya taɓa ta da guduma a kan hanyarsa ta fita, ita ma ba ta amsa ba. Ƙanena Sule ne aka sa a gurbin Audu.

Allah ya ba ka lafiya, ya nuna maka gaskiya tun ba a sake wanke gawa ba. Don Allah ka ba ni amsa da wuri, gobe ma za a ɗaga auduga.

Wassalam.
Hajara matar Garba maƙeri, Tudun Wada, Zariya.