Aska Takwas a Bazara

Alhamis, 1 ga Sha'aban 1372

Na gama ɗinka aska ta shida a adon ƙirjin rigar Sodangi. Saura biyu, da zagayen tambarin baya, da shafin da ake bi bakin riga da shi ta ciki. Wata bakwai ke nan ina kanta, tun bayan Babbar Sallah, idona har ya fara gaya mini shekaruna.

Shekara ashirin da uku Sodangi bai taɓa fita Idin Kankiya da rigar da ba allurata ta ratsa ba. Da can mutum goma sha wani abu nake yi wa ɗinkin Sallah, daga nan Kusada har Kafin Soli da Sukuntuni. Biyu sun rasu, su ba laifinsu ba ne. Sauran keken ɗinki ya kwashe su. Yanzu shi kaɗai ya rage, kuma kowa ya sani. Ranar da Sodangi ya fita Idi da ɗinkin keke, ranar zan naɗe allurata, don ba mai ƙara tako ƙofar gidan nan.

Lahadi, 4 ga Sha'aban

Zafi. Zaren tsamiya, silikin da nake adon da shi, sai mannewa yake a yatsa.

Laraba, 7 ga Sha'aban

Na je Kankiya neman jan silikin alharini na shafi. Dole na bi ta gaban rumfar Labaran, wanda ya dawo daga Kano shekara biyu da suka wuce da keken ɗinki a bayan mota. Mutane cike, har da masu furfura. Bana wai farin kaftani ake yayi, mara nauyi, da wando tsala, irin na malaman En'e da akawun kantin gyaɗa. Bara kowa jar dara, bana an ce dara ta tsufa. Hula ma tana tsufa cikin shekara guda. Na ga wani mai unguwa da na sani ya gwada nasa, ya fito kamar zakaran da aka fige, ana ta gaya masa ya yi kyau.

Ni abin da na sani, riga ita ke koya wa mutum tafiya. In ka sa babbar riga ba ka gudu, ba ka waiwaye barkatai, kafin ka yi magana sai ka tattara hannunta ka aza a kafaɗa, kafin nan ka yi tunanin abin da za ka faɗa. Mai kaftani ba abin da ke riƙe shi.

Labaran ya taso ya durƙusa ya gaishe ni, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan, da ma rashin kunya ya yi mini. Ya tambayi aiki, na ce baƙin saƙi ne, saƙar hannu mai kauri, aska takwas, da cikakken shafi. Ya ce, “Baba, Sallar bana hwa cikin zahi za ta hwaɗo.” Na ce masa ina ɗinki tun ba a yi auren uwarsa ba.

Lahadi, 18 ga Sha'aban

Aska takwas sun cika. Na shimfiɗa rigar a tabarma na kira Haulatu ta gani. Matar da na zauna da ita shekara talatin, ta ɗaga gefe guda ta ce, “Malam, wagga mutum zai ɗauke ta ko jaki?” Ta koma kan dakanta.

Litinin, 26 ga Sha'aban

Alharinin bai isa ba. Laifina ne, na faɗaɗa shafin ya fi na bara. To, in ba a ga jan shafi yana leƙowa lokacin da mutum ya ɗaga ƙafa ba, me aka yi?

Talata, 5 ga Azumi

Ba na iya ɗinki bayan azahar. Allura ta zama biyu a idona. Hadari ya haɗu a gabas jiya, ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Masu shuka sun zuba ido.

Litinin, 11 ga Azumi

Haulatu ta dawo daga suna da labari. Rabi, matar Sodangi, ta ja ta gefe ta ce maigidan jiri na ɗibarsa a azumin nan, sau biyu yana dafa bango. Wai ko zan rage wa rigar nauyi. Sannan a bakin wata ta ji cewa Labaran ya je har gida ya auna shi.

Ya auna shi! Ashe nan maganar ta dosa. Jirin ƙarya ne, shimfiɗa ake yi mini don in faɗi a kan laushi. Ban iya cin tuwon buɗa baki ba.

Laraba, 13 ga Azumi

Na hau jaki da sassafe, da azumi a bakina, na je na sami Sodangi a zaure. Ya rame, wannan gaskiya ne, amma wa bai rame ba a watan nan? Ban tsaya dogon gaisuwa ba. Na tambaye shi maganar awon Labaran. Bai musa ba, ya ce kaftanin na zaman zaure ne, zufa ta dame shi. Na ce to in da shi zai fita Idi ya aiko a gaya mini tun da wuri, in kai allurata rijiya in huta. Na faɗi wasu maganganun ma, na tuna masa shekarar da ya fara fataucin gyaɗa, ba wanda ya san shi, rigata ta sa aka fara ba shi wurin zama a gaba. Bai kamata in faɗa ba. Amma ai haka aka yi.

Dariya ya yi, ya ce, “Kabo, kai dai ba ka sakewa. Ka taɓa ganin na hita Idi ba rigarka?”

Na gaya masa saƙi ba ya tsayuwa a kan 'yar ciki kaɗai, sai da farar riga a ƙarƙashi, sannan rawani. Ya ce ya ji.

Talata, 19 ga Azumi

Na kai rigar gidan bugu, a buge ta ta yi ƙyalli. Na tsaya a kansu har suka gama, don na san halinsu.

Lahadi, 24 ga Azumi

Ta dawo tana ƙyalli. Ban taɓa yin irinta ba, kuma na san ba zan ƙara ba, idon ya ƙare. Na aika da ita.

Juma'a, 29 ga Azumi

Har yau ba ruwa. Gobe zan tafi Kankiya in kwana, kamar kowace shekara, in ga riga a jikin mai ita.

Lahadi, 1 ga watan Ƙaramar Sallah

Ya sa ta.

Bari in rubuta yadda aka yi, tun daga farko, don kaina ba daidai yake ba. Filin Idi fari fat da kaftani, sai ga Sodangi ya shigo a hankali, baƙin saƙi yana ɗaukar ido, jan shafi yana leƙowa daidai yadda na so. Mutane suka yi ta juyowa. Na ga Labaran da kansa ya bar sahunsa ya zagayo don ya kalli tambarin baya. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin da na shekara ban ji ba. Na zauna a sahu na uku inda zan riƙa ganin bayansa.

Rana ta ɗaga, ba iska ko kaɗan. An idar da salla, liman ya shiga huɗuba, ya ja ta. Na ga zufa ta ɓullo ta tsakiyar tambarin, na ce a raina bugun zai lalace. Abin da na fara tunani ke nan. Sai na ga rawanin ya karkata, Sodangi ya tafi gefe guda ya kwanta a kan na kusa da shi.

Aka taru. Wani na fifita, wani na neman ruwa. Labaran ya ce a cire masa kaya, suka kama su huɗu, rigar ta ƙi fita, ta jiƙe ta yi nauyi, ga ta ciki ta naɗe. Labaran ya kama wuyan da hannu biyu, daidai inda na yi ɗinkin linzami, zai yage. Sai na ji murya ta ce, “A hankali da linzamin.”

Muryata ce. Kowa ya ji. Labaran ya ɗago ya dube ni, ya saki wuyan, suka zare ta ta kai a hankali kamar yadda na ce. Ban san tsawon lokacin da hakan ya ƙara ba. Aka ɗauke shi zuwa gida, ni kuma aka miƙo mini rigar, na tsaya da ita a hannu.

Litinin, 2 ga wata

Ya farfaɗo. Rabi ba ta amsa gaisuwata ba.

Talata, 3 ga wata

An bar ni na shiga. Yana kwance da 'yar shara, harshensa ya ɗan yi nauyi, hannun hagu ba ya damƙa sosai. Malamin asibiti ya ce zai iya warwarewa, sai dai a yi haƙuri. Na zauna ban san ta inda zan fara ba, shi ya fara. Ya tambaya ko rigar ta yage. Na ce a'a. Ya ce madalla.

Na ce me ya hana shi tashi ya koma inuwa tun da ya ji jiri, ko ya zame ta sama ya bar ta ciki. Ya ce tun raka'a ta farko ya ji ƙasa na juyawa.

“To mi ya sa ka zauna?”

“Na san kana bayana kana kallo,” ya ce.

Juma'a, 6 ga wata

An yi ruwan farko jiya, yau rana ta dawo da ƙarfinta. Kowa ya tafi shuka, ni ban je ba.

Shekara talatin da wani abu ina ɗinka aska takwas, ban taɓa sa ta a jikina ba. Ba rigar irina ba ce, mu ɗinkawa muke. Da hantsi na sa 'yar ciki, na ɗora fara, na ɗora saƙin Sodangi da ke wajena tun ranar Idi, na naɗa rawani, na fita tsakar gida na zauna a rana. Ni ba jiri nake fama da shi ba, kuma na girmi Sodangi da wata uku kacal. Na ce zan karanta Yasin in tashi. Ban kai rabi ba, zafi ya tashe ni.

Har yanzu ina nan a kan bakana, kaftani ba tufar dattijo ba ne. Sai dai Sallar baɗi za ta riga ta bana da kwana goma sha ɗaya, ta shekara mai bi mata ta ƙara shigewa cikin bazara.

Haulatu ta same ni a zaure ina farke shafin da haƙori. Ta tambaya, na ce asu ne ya ci. Ta ɗaga ta duba ciki da waje, ba ta ga asu ba. Ta shiga ɗaki ta kawo mini almakashinta.