Tambaya ta Bakwai

Kuala Lumpur, Malesiya.

Zuwa ga Yaya Mode,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna da su Iyatu da duk mutanen Mabera. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafa.

Takardun tambayoyin binciken karatuna da ka raba wa mutanen unguwa sun iso, duka ɗari da ashirin. Allah ya saka da alheri. Sai dai malamata ta ce ba za su yi ba, kuma laifina ne. A tambaya ta bakwai na rubuta, "Yaya intanet yake a unguwarku?" Mutum ɗari da huɗu sunka amsa da "Alhamdulillahi." Har da Malam Ƙasimu mai shago, wanda na sha gani yana ɗaga waya saman katanga neman sabis. Na faɗa wa malamar cewa mutanenmu ba su kai kuka gun takarda. Ta ce to in tambayi abin da za su iya faɗi.

Na gyara. Yanzu tambayar ita ce, "Jiya, sau nawa intanet ya yanke maka?" Ba mai jin nauyin faɗin lamba. Don Allah ka sake zagayawa kafin ƙarshen wata. In ya wuce, sai na ƙara shekara a nan.

Ka ce Inna na tambayar yadda nake. Ka ce mata alhamdulillahi. Kada dai ka koya mata wannan dabara, ta zo tana tambayata sau nawa na ci abinci jiya.

Ƙanwarka,
Balaraba