Mutumin da Aka Kai a Kan Ƙyaure

Hay, 12 ga Oktoba, 1987

Zuwa ga ƙanwata Noelene,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yaran kuna lafiya, kuma sanyin Ballarat bai ƙarasa miki gwiwoyin nan ba.

Kin tuna labarin mutumin ƙyaure? Ina saurayi na fara jin sa a rumfar askin tumaki. Wai wani manomi ne bayansa ya riƙe, aka kwantar da shi a kan ƙyauren ƙofa, ƙarti huɗu suka shigar da shi wurin mai gyaran ƙashin baya a Deniliquin, bayan rabin awa sai ga shi ya fito da ƙafarsa, ƙyauren a kafaɗa. Na ji shi a rumfa ta fi ashirin. Wani ya ce a Wagga aka yi, wani ya ce ƙyauren coci ne. Ban taɓa yarda ba, don duk wanda ya ba ni labarin da kwalbar giya a hannunsa.

To, jibi ni ma Deniliquin ɗin na nufa. Zauna tukuna kafin ki fara faɗa.

Kin san tun da ɓarin jikin Beryl ya shanye a watan Yuni, ni nake ɗaga ta daga gado zuwa keken marasa lafiya, daga keke zuwa bayi, sau shida ko bakwai a yini. Ban gaya miki ba, bayana ya daɗe yana yi mini kashedi. Ranar Talata da safe na ɗago ta, sai na ji kamar an soka mini wuƙa a ƙugu. Muka zube tare. Ita ba ta ji ciwo ba, a kaina ta faɗo. Haka muka kwanta a ƙasa awa biyu muna kallon silin, har Sista Maureen, nas ɗin da ke zagayen gidaje, ta shigo ta same mu.

Ta ce, "Baba Clarrie, tun yaushe?"

Na ce, "Hutawa muke yi."

Ba ta yi dariya ba. Ta ba ni zuwa ƙarshen Nuwamba. Ranar za ta zo in ɗaga Beryl a gabanta. In na kasa, za ta rubuta a kai ta gidan kula da tsofaffi a Griffith. Tafiyar awa biyu ce, Noelene. Shekara arba'in da huɗu da aurenmu, ko lokacin da nake bin rumfunan aski ban taɓa wuce sati uku ban kwana gida ba.

Mai gyaran ƙashin da aka ce ya yi wa manomin aiki ya daɗe da mutuwa. Yanzu wata 'yar Girkawa ce a garin, Toula. Maƙwabciyarmu za ta zauna da Beryl. Da na gaya wa Beryl inda za ni, sai ta yi murmushi da rabin bakin nan nata. Na ɗauka don garin haihuwarta ne.

Ki gaida kowa. Yayanki,
Clarrie

Ballarat, 19 ga Oktoba

Yaya Clarrie,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka sumbaci Beryl a goshi ka ce daga ni ne.

Awa biyu a ƙasa, kuma sai a wasiƙa nake ji. Wayar da ke falonku ta ado ce?

Shekara talatin na yi ina aikin jinya a asibiti, kuma ban ga wanda aka murɗe wa baya ya koma yaro ba. Na dai ga masu cewa sun ji sauƙi, wannan ba zan musa ba. Tunda na san ka riga ka tafi, ga sharaɗina. Ka je likita ya ɗauki hoton ƙashin ka kai mata. Kada ta taɓa maka wuya. In ƙafarka ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, asibiti za ka nufa a ranar, ba Deniliquin ba. In kuma ta ce za ta warkar da Beryl, ɗauki hularka ka fita.

Akwai abin da gara ka ji daga bakina. Na rubuta wa gidan nan na Griffith na tambaya ko da gado. Sun ce akwai, sun aiko takarda. Tana kan teburina, ban cika ba. Kada ka yi fushi. Ba raba ku nake so in yi ba. Ina tsoron ranar da za ku faɗi Maureen ba ta zo ba.

Ƙanwarka mai tsiwa,
Noelene

Hay, 9 ga Nuwamba

Noelene tawa,

Bayan gaisuwa. Na yi fushi kwana biyu, na uku na gaji. Ajiye takardar.

Ke da Toula kamar uwa ɗaya ta haife ku. Ranar farko ko murɗa ɗaya ba ta yi ba, ta ce sai ta ga hoto da takardar likita. Da na kai, ta ɗaga hoton a jikin taga ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Baba, ba zan mayar maka da bayan ɗan shekara ashirin ba. Tumaki sun cinye wannan. Zan iya sassauta inda ya ɗaure, saura kuma aikinka ne."

Ta kwantar da ni a gefe, ta naɗe ni kamar tsumma, ta danna. Ƙarar da na ji, na ce shi ke nan, a aika gida a ciro ƙyaure. Amma na tashi, kuma rabon da in ja numfashi har ƙasan ciki haka tun damina. Sai dai kwana uku ciwon ya dawo. Na koma, ya tafi, ya sake dawowa.

Zuwa na huɗu ta ce, "Wani abu yana warware mini aiki. Nuna mini yadda kake ɗaga matarka. Ni ce Beryl." Ta zauna a bakin gado ta saki jiki.

Na zagaya ta bayanta, na sa hannu a hammatarta, na kwanto ta a ƙwaurina, na sunkuya ƙafafu a miƙe, na ja da baya da ita har tsakiyar ɗaki. Da na duba, idonta har hawaye don dariya.

Ta ce, "Baba Clarrie, to ina almakashin?"

Sai a lokacin na gani. Haka ake fito da tunkiya daga garke zuwa wurin aski, ta ciki kuma ake fara aske ta. Shekara hamsin ina yi, sau ɗari da wani abu kullum. Hannuna bai san wata hanyar ɗaukar mai rai ba. Wata biyar ke nan ina jan matata kamar za a yi mata aski. A gaban Maureen kuwa ban taɓa ɗagawa ba, in ta zo ita take yi.

Da na dawo na ba Beryl labari. Kin san maganarta yanzu ɗaya-ɗaya take fita. Ta ce, "Na sani. Ina ta jira... ka fara... ta ciki."

Toula ta koya mini in tsaya a gabanta, in lanƙwasa gwiwa, Beryl ta taka da ƙafarta mai lafiya, mu ƙirga uku mu juya tare. Ta ce in riƙa tattaki zuwa bakin kogi kowace safiya. Ina yi. Yanzu ina barci, ina cinye abincina, na daina yi wa kare tsawa. Ko dannawar ce, ko tattakin, ko daina jan, ban sani ba. Na tambaye ta, ta ce ita ma ba za ta rantse ba.

Matsalar ita ce hannun nan. Jiya hankalina yana kan shayi a wuta, sai na tsinci kaina a bayan Beryl na riga na sunkuya. Saura kwana ashirin da ɗaya.

Naki,
Clarrie

Ballarat, 16 ga Nuwamba

Yaya,

Gaisuwa gare ku duka. Na karanta wasiƙarka a tsaye, na ƙarasa ta a zaune. Baiwar Allah Beryl, ta yi haƙuri da danginmu.

Ga ɗamara nan a cikin ƙunshin, irin wadda muke ɗaura wa marasa lafiya a ƙugu. Maɗaurinta a gaba yake, dole ka tsaya a gaba kafin ka ɗaure, daga nan sai ka kama ka ɗaga. Ka kuma tura gadon ya manne da bango. In babu wurin tsayawa a baya, hannunka ba shi da inda zai kai ka. Kai ba a gyara maka hali, sai dai a toshe maka hanya, tun kana yaro haka Mama take yi.

Ka ce wa Toula na gaishe ta. Kada ka ce na yabe ta.

Noelene

Hay, 1 ga Disamba

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa. Yaga takardar.

Maureen ta zo jiya, ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Na ɗaura ɗamara, na lanƙwasa gwiwa. Beryl ce ta yi ƙirgen, ta daɗe a kan biyu, na jira ta. Sau uku Maureen ta sa muka yi. Ta ce za ta sake dubawa bayan wata uku, kuma za ta turo mai taya ni wankan Beryl ranar Litinin da Juma'a. Na buɗe baki zan ce ba na buƙata, Beryl ta kalle ni, na rufe. Bayan nawa yana nan yana ƙorafi da safe. Toula ta ce sau ɗaya a wata ya isa yanzu.

Bayan tafiyar Maureen na turo Beryl baranda. Na ce, "To, ni dai ban fito da ƙyaure a kafaɗa ba. Dama na ce ƙarya ce."

Sai ita ta ba ni labarin daga farko, a hankali, kusan rabin awa. An kai mutumin a kan ƙyaure, gaskiya ne. A kansa kuma aka dawo da shi. Sai da ya yi sati uku yana zuwa kafin ya taka. Ranar ya ɗauko ƙyauren daga keken doki ya ratsa tsakar gida da shi, saboda na kicin ne, lokacin zafi ne, matarsa kuma ta gaji da ƙudaje. 'Yarsa tana da shekara tara, ita ta riƙe masa ƙusoshi.

Na ce, "Shekara arba'in da huɗu kina ji ina ƙaryata shi?"

Ta ce, "Kana jin... daɗin yi."

Don haka in an tambaye ki, na yarda da labarin mutumin ƙyaure. Wadda ta ba ni shi a ƙarshe ba giya a hannunta, kofin shayi ne, kuma ni nake riƙe mata. Beryl ce, 'yar nan da ta riƙe wa babanta ƙusoshi.

Yayanki,
Clarrie